Takardar da Khala Batula Ta Ɗauko da Awartaki

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Sha'aban, shekarar da na cika goma sha ɗaya, bayan la'asar kaɗan. Ina tsugune a gindin tankin ruwa ina cuɗa kayan ƙannena, sai na ji salati ya tashi a tsakar hoshinmu, wato gidan hayarmu, a unguwar Nuzla, irin salatin da ake yi idan gobara ta kama. Na ɗago da kumfa a hannu. Khala Batula ce, maƙwabciyarmu wadda ƙofarta ke kallon tamu, tsaye a tsakar gida babu ko takalmi. Ta riƙo wata takarda da awartakin da take juya gawayin turare da shi, ta miƙar da hannunta nesa da jikinta kamar ta kamo kunama. "Ku fito ku gani, ya nas! Hatimi a ƙofar ɗakina! An yi mini aiki!" Mata suka firfito, mai ludayi a hannu, mai goyo, mai rabin kitso. Kowa ya leƙa sai ya ja da baya yana a'uziyya. Ni kuwa tun daga gindin tanki na gane takardar. Tawa ce. Ni na zana ta da hannuna, kuma har yau da nake rubuta wannan ban ga laifin da na yi ba.

Kafin in faɗi yadda aka ƙare, bari in koma baya kaɗan. Hoshinmu gida ne na ɗakuna bakwai da suka kewaye fili ɗaya, banɗaki biyu, tanki ɗaya, da matakala mai hawa saman rufi. Duk Hausawa ne da iyayensu suka biyo ta Sudan suka zo aikin Hajji suka zauna, saboda haka Hausarmu da Larabci a tukunya ɗaya suke dahuwa. Baba yana lodin kwalaye a wani sito a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni, ya fita kafin rana ta fito, ya dawo rigarsa ta yi fari da gishirin gumi. Yana da iƙama, takardar izinin zama, amma sunansa kaɗai ke ciki. Kullum kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, cewa yake gobe za a saka mu, goben nan kuwa har na yi aure ba ta zo ba. Yaron da ba ya cikin iƙama ba ya shiga makaranta. Da safe idan an aike ni layin tamis da ful, burodi da dafaffen wake, sai in ga 'yan mata sa'o'ina da jakunkuna suna jiran mota, in matse burodin a ƙirjina har ya ƙona ni, in wuce ina harararsu kamar su suka hana ni. Sauran yinin kuma aiki ne: shara, wanke-wanke, jiran motar ruwa, raino, gyaran gyaɗar da Inna ke soyawa. In an samu sarari mu hau rufi mu yi carafke da 'ya'yan dabino, ko mu zana gidajen 'yar gala-gala da gawayi, iskar teku tana kaɗa shanya a kanmu. Idan wasa ya yi daɗi muka ɗaga murya, Inna ta leƙo ta ce, "Rabi, mu ba mu da takarda, ki riƙa magana ƙasa-ƙasa." Na ji wannan maganar ta fi sau dubu, kuma ko sau ɗaya ba ta shige ni ba.

Abin da na iya shi ne ɗinkin hula. Tun ina shekara bakwai Inna ta ɗora ni a kai, don alhazan gida suna saye idan lokacin Hajji ya zo. Wanda bai taɓa yi ba yana zaton zane ne kawai ake bi. Ƙirga ce. Ƙyallen yana da ido-ido, ka ƙirga uku ka soka, ka tsallake ɗaya, ka hau layi na sama ka ƙirga biyu. Allura ba ta san lanƙwasa ba, tsaye take tafiya ko a kwance, amma in ka iya ƙirga sai ka fitar da da'ira da ita. Inna ba ta duba aikina a hannu. Sai ta kifa hular a kan tulu, ta ja baya zuwa bakin ƙofa ta ƙanƙance ido. "Mai saye daga nesa yake fara gani," in ji ta. In da'irar ta yi kusurwa, a kwance a sake.

Kwana uku a mako Inna tana zuwa wanki da goge-goge a wani bene a unguwar Ammariyya, gidan wani injiniya Ba'indiye da ke aiki a masana'antar roba. Takan tafi da ni don in taya ta shanya, in na gama in zauna a ƙasan kicin da hulata. Matar gidan Padma sunanta, muna ce mata Anti. Siririya ce, da gashi har baya da tabarau mai kauri. A ƙasarsu ta karanci kwamfuta, amma a nan matar aure ce da ta biyo miji, ba ta da izinin aiki, sai ta mai da ɗakin baƙi wurin aikinta. Akwai kwamfuta a ciki, ƙatuwa, mai ƙeya kamar talabijin, tana huci kamar mai barci. Abin da ke cin ran Anti shi ne na'urar ta san Turanci, an koya mata Larabci, amma in aka zo harshensu na Telugu sai ta zubo tarkace. Ita da wasu mutanensu da ke warwatse a ƙasashe suka ce sai sun koya mata. Suna aika wa juna faifai ta gidan waya. Rabon Anti shi ne ta zana haruffan yadda za su fito a fuskar kwamfuta ko da an ƙanƙanta su, sannan ta tsara yadda 'yan madannan nan na Turanci za su ishi harshen da haruffansa suka fi su yawa nesa ba kusa ba. Duk wannan da gurɓataccen Larabcin kasuwa ta yi mini bayani, rabi da baki rabi da hannu.

Haruffan Telugu kewayayyu ne, kamar an zubar da awarwaro a tabarma, yawancinsu da ɗan tuƙƙu a ka. Anti ta ce kakanninsu a ganyen giginya suke rubutu da tsinken ƙarfe, miƙaƙƙen layi kuwa yana tsaga ganye, shi ya sa suka lanƙwasa komai. Ita kuma fuskar kwamfuta ƙananan gidaje ce masu kusurwa huɗu, kowane gida ko ya yi baƙi ko ya yi fari, babu tsaka-tsaki. Saboda haka sai ta fara zana harafi a takarda mai gida-gida, tana cike gidajen da fensir, sannan ta kwafa cikin na'urar. Wata rana na kai mata shayi na tarar tana goge takarda har ta huje. Da'irarta ta fito kamar matakalar bene. Ban san lokacin da na sa yatsa na ce, "Wannan ki cire shi. Nan uku, nan biyu, nan ɗaya." Inna ta taho daga kicin za ta ja kunnena, Anti ta ɗaga mata hannu. Ta gyara yadda na ce. Na karɓi takardar na jingina ta da bango, na ja Anti har bakin ƙofa. Ta cire tabarau, ta mayar, ta yi wata magana da harshensu, sannan ta miƙo mini fensir.

Daga ranar na bar ƙasan kicin. Takan rubuta harafi babba a gefen takarda, ni kuma in zuba shi cikin gidaje. Ban san sautin yawancinsu ba, sai na raɗa musu suna: tukunya mai murfi, kaza mai tuƙƙu, kunnen jaki, tsohuwa ta durƙusa. Na farkon dai na haddace jerinsu, don Anti tana rera wa ɗanta su kamar waƙa. Abin da ya fi burge ni shi ne goyo. A rubutunsu in baƙaƙe biyu suka haɗu, na biyun ƙanƙancewa yake ya shige ƙarƙashin na farko. Anti ta yi makonni tana faɗa da na'urar a kan wannan. Ranar da ta danna madannai uku, tukunya mai murfi ta bayyana a gilashi, wani ɗan ƙarami ya zo ya laɓe a gindinta daidai inda ya kamata, sai da ta tashi ta yi tsalle, babbar mace mai ɗa. Tukunyar nan tawa ce, gida-gida na san ta. Ni da ban iya rubuta sunana da kowane harshe ba, ga aikin hannuna yana haske a cikin kwamfuta.

Kwana uku a mako ba su ishe ni ba, sai na fara tahowa da takardun gida. Ina ɓoye su a ƙarƙashin tabarmata, in hau rufi bayan azahar lokacin da kowa ke gudun rana, in yi ta ƙirga. Ranar Alhamis ɗin nan Inna ta ƙwala mini kira in zo wanki, na danne takardun da bulo na sauko da gudu. Ɗaya ta zame, iska ta sauko da ita, ba ta tashi faɗuwa ko'ina ba sai ƙofar Khala Batula. Ita kuwa ɗanta Nasiru kwanansa shida a kwance da zazzaɓi, mijinta kuma an sallame shi daga aiki a watan. Mace ce da ke neman dalili, sai ga takarda mai gidaje da baƙaƙen alamu waɗanda ba Larabci ba, ba Turanci ba. Mu duka mun taso muna ganin hatimi a cikin laya, gidaje ne da alamu a ciki. Ban ga laifinta ba da ta tsorata. Laifinta shi ne da ta nuna Inna da awartaki.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane nauyin abin ba. A nan zargin sihiri ba faɗan tsakar gida ba ne da za a yi a wanke da shayi. Kalma ɗaya ta fita waje, mai gida zai watso mana kaya titi, in kuma ta kai gaban hukuma, mace marar iƙama da 'ya'ya huɗu marasa iƙama ba za a tsaya jin ta bakinta ba. Khala Batula ta rantse ba za ta kwana da mu a hoshi ɗaya ba. Wata ta ce ta sha ganina da irinsu a rufi, aka hau aka kwaso sauran takardun, aka ɗaga tabarmata aka ƙara samun wasu. Na ce rubutun Indiya ne, na kwamfuta ne. Wata ta ce, "Ji min 'yar nan, ke da ba ki san alifi ba, ina ke ina kwamfuta?" Aka kira Ammi Adamu, dattijon hoshin wanda ke jan salla a ƙaramin masallacin lungu. Ya juya takardun da bakin sandarsa, ya ce shi dai bai taɓa ganin hatimi irin wannan ba, amma bai ce ba hatimi ba ne. Mutum ne mai son zaman lafiya. Ya yanke cewa a ƙona su a gaban kowa, Inna ta ba Batula haƙuri, maganar ta mutu a cikin gida, halas. Inna tana tsaye kanta a ƙasa, gefen mayafinta a baki. Na ga ta gyaɗa kai. Har an kawo kaskon gawayi.

Na dubi kaskon, na dubi Inna. Yarinya ce ni, amma na san hoshinmu. In aka ƙona takardun nan Inna ta ba da haƙuri, to an gama, ta amsa. Daga ranar duk yaron da ya yi tari, duk tukunyar da ta ƙone, ita za a kalla, babu mai sake sayen gyaɗarta, kuma ko ba a kore mu yau ba za a kore mu da ido. Na ce, "Wallahi ba za a ƙona ba." Inna ta ce, "Rabi!" Na ce, "Inna, ba ki yi komai ba, haƙurin me za ki ba ta?" Na sunkuya na rarumi takardun da hannu biyu, mata suka yi ihu kamar na damƙi garwashi, na bi ta ƙarƙashin hannun Ammi Adamu na fice.

Na san inda za ni. A bakin lungunmu akwai shagon guga na wani Ba'indiye, Mastan. Duk unguwa Rafiƙ ake ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane Ba'indiye, sahu ɗaya yake da su Baba a masallaci. Duk ranar da na kai rigar Juma'ar Baba nakan ga wasiƙu ya soke a bayan madubi, da irin kewayayyun haruffan nan, har na taɓa hango kaza mai tuƙƙu a ciki. Ina isa na zube takardun a teburin gugarsa, rabin hoshi na biye da ni, Khala Batula a gaba da awartakinta. Na ce wa Mastan, "Ammi, karanta musu." Ya ajiye dutsen guga, ya ɗauki ɗaya ya kawo ta dab da hancinsa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Ya dubi taron da ke ƙofarsa, tsoro ya kama shi. Ya ajiye ta ya ce da Larabcinsa, "Ana ma fi ma'alum," wato shi bai san komai ba. Khala Batula ta tafa hannu ta ce, "To, kun ji! Ko Rafiƙ bai san shi ba."

Sai na lura da inda ya riƙe takardar. A kusa, ni ma in ba ni na zana ba, ba abin da zan gani sai baƙaƙen gidaje. Na tsinci na farkon jerin nan da na haddace, na ture mutane na tsallaka lungu, na je jikin bangon da ke kallon shagon na ɗaga ta farko sama da kaina. Na ce, "Ammi, yalla, duba daga nan!" Ya leƙo ya ƙanƙance ido. Sai ya ce, "A." Na ɗaga ta biyu. Ya ce, "Aa." Ta uku, ta huɗu. Kafin in ɗaga ta biyar ya riga ni, ya kama rerawa da ƙarfi yana kaɗa kai, dattijo mai furfura a gemu yana waƙar 'yan aji ɗaya a tsakiyar lungun Nuzla, yana dariya idonsa na kawo ruwa. Ya koma ciki ya zaro wasiƙar mahaifiyarsa, ya nuna wa Ammi Adamu harafi a wasiƙa, ya nuna shi a hannuna. Ya ce da waɗannan haruffan ya karanta fassarar Alƙur'ani a garinsu. Ammi Adamu ya dubi wasiƙar, ya dube ni, ya ce, "Batula, koma ki ba yaronki magani. Wannan abajada ce."

Ba ta ba da haƙuri ba, ban kuma yi zaton za ta bayar ba. Ta tafi tana ƙunƙuni wai yarinyar nan bakinta zai kai ta. Baba da ya dawo aka ba shi labari, bai doke ni ba, amma ya ce ba ni ba Ammariyya, idon mutane ya yi yawa a kanmu. Na bi umarninsa, ban sake taka benen ba. Amma bai ce kada in zana ba. Sauran haruffan a tsakar hoshi na ƙarasa su, ba a rufi ba, a kan tabarma da rana tsaka, daidai saitin ƙofar Khala Batula. Inna ce ke naɗe su a cikin mayafinta ta kai wa Anti, ta dawo mini da sababbi. Ba ta taɓa ce mini na kyauta ba. Abin da na sani shi ne daga ranar ba ta sake ce mini in yi ƙasa da murya ba. Da shekara ta zagayo kwangilar mijin Anti ta ƙare suka koma ƙasarsu, ban sake jin labarinta ba.

Sai da na kai shekara talatin da huɗu, da 'ya'ya uku, na shiga ajin manya na koyi karatu. Na zauna a benci da mata masu jika, na yi ta fama da alifi da ba, daga baya na koyi boko a wajen wata ma'aikaciyar jinya 'yar Najeriya da ta zo aikin kwangila. Yanzu in na shiga mota na ga lebura Ba'indiye yana latsa wayarsa, kewayayyun haruffan suna zubowa sumul, goyo yana shigewa ƙarƙashin uwarsa ba gardama, nakan leƙa ba kunya. Na san ba nawa ba ne, namu sun tafi da tsofaffin faifai. Amma na san wani ne ya zauna ya sha wahalarsu, kamar yadda wani ya sha wahalar ƙa da ɗa da ɓa namu masu lanƙwasa, waɗanda nake dannawa yanzu. Jikokin hoshinmu kuwa ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci, wayar da ta iya harshensu tana hannunsu ba su tambaye ta ba.

Inna ta ƙara shekara ashirin da ɗaya a wannan ɗakin. Ta ci gaba da suyar gyaɗa, yaran hoshi suna saye, har da Nasiru da ya warke ya zama ƙato. Da ta rasu, daga ɗakin aka ɗauke ta, Khala Batula tana cikin waɗanda suka yi mata wanka. Yau babu hoshin, babu shagon guga, babu lungun. An rushe wannan gefen na unguwar, fili ne fetal, mutanenmu sun watse kowa da inda ya samu haya. Nakan so a ce in sake jin hayaniyar matan nan ko da faɗa suke yi. Amma in na tsaya a bakin filin ina neman inda ƙofarmu take, abu ɗaya nake riƙewa. A gidan nan uwata ba ta taɓa ba da haƙuri a kan abin da ba ta yi ba.